Inda Mai Ya Ƙare wa Kumbonmu

Littafin daga ƙauyen Abare ya zo Anka, a cikin jakar wani abokina da zan kira Tafinta, domin aikin da ya yi ke nan a shekarun da aka riƙa kwashe ƙasar gidaje saboda gubar dalma. Baƙin da suka zo aikin ba su jin Hausa, shi kuwa bakinsa ya iya Turanci fiye da namu duka. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai auna ƙasa da na'ura, ranar da zai koma garinsu ya bar masa takalmin roba, da littafin nan, da dayis biyu irin na ludo.

Tafinta ya ajiye littafin a kan dirowa bai ko buɗa ba, sai da damina guda ta wuce a kansa, ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa rabinsa. Yana shanya shi ne ya fara karantawa. Bayan mako ɗaya ya same ni a makarantar sakandaren da nake koyar da kimiyya, ya ce akwai wani wasa a cikin littafin, amma sai an samu mutum uku.

Na ukunmu wani bakanike ne mai gyaran babur da injin niƙa a bakin kasuwa. Tare muka yi firamare da shi, daga nan bai ci gaba ba. Ba ya karanta Turanci, amma in ka kawo masa inji sai ya kara kunne ya gaya maka abin da ke damunsa tun kafin ya taɓa sifana.

Wasan ba irin dara ba ne, babu wanda ya ci babu wanda aka ci. Mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, shi ke faɗin inda kuke da abin da ya same ku. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa dayis a ga ko ya yiwu. Tafinta ya riƙe labari. Ni na zama matuƙin wani tsohon kumbo mai jigilar kaya tsakanin taurari, Bakanike ya zama injiniyansa.

Ranar farko na kusa ɓata abin. Tafinta ya ce kumbonmu zai tashi daga wannan tauraro ya isa wancan cikin kwana biyar. Na ce ba zai yiwu ba, shi kansa haske sai ya yi shekaru a wannan hanya, kuma babu abin da ya fi haske gudu. Abin da nake koya wa ɗalibai ke nan. Tafinta ya fara buɗe shafuka yana neman amsa, sai Bakanike ya ce:

“Malam, kai ba ka taɓa wanka gulbi ba? Ba bisa ruwa za shi bi ba. Nutsewa za shi yi nan, shi ɓullo can.”

Daga ranar muka sa wa abin suna nutso. Kumbo ya nutse, kwana biyar ba ya ganin kowa ba a ganinsa, sannan ya ɓullo a wani tauraron. Kuma babu waya tsakanin taurari. Duk labarin da za ka ji, sai dai wani kumbo ya ɗauko shi ya kawo maka.

Shafukan da ke bayanin mai su ne ruwa ya manne, ko da reza ba su rabuwa. Saboda haka Bakanike ne ya tsara mana dokar mai, kuma ya ɗauki abin da gaske fiye da yadda na zata. Ya tambaye ni me irin wannan inji zai sha. Na ce watakila iskar haidurojin, wadda ake iya cirowa daga ruwa, ana kuma samunta a manyan duniyoyin da duk jikinsu iska ne. Ya goge hannu da tsumma, sannan ya yanke. Tankinmu na nutso biyu ne, babu na uku. In mun samu tasha, mu sha tataccen mai. In babu tasha, mu gangara gefen babbar duniyar iska mu kamfato ɗanye, amma sai an yi kwana biyu ana tace shi. Wanda ya nutse da ɗanyen mai, inji na iya yin tari ya tofar da shi inda bai nufa ba.

“Awa man 'yan bumburutu,” in ji shi. “Wata rana shi kai ka gida, wata rana shi aje ka tsakiyar daji.”

A zauren gidanmu muke zama, ranar Alhamis bayan la'asar, da yake ranar babu karatu, alluna duk suna jingine da bango. Mahaifina malamin allo ne, kakana ma haka. Alhamis ta biyu ya shigo zai wuce cikin gida, ya ji ƙarar dayis a kan faranti. Ya tsaya.

“Mi na na wanga? Caca ta?”

Na ce ba caca ba ce, babu abin da ake sawa, babu abin da ake ɗauka. Ya ce ko ma dai mene ne, ba a jefa dayis a zaurensa. Tafinta ya fara tattara takardu, kunya ta kama shi. Sai mahaifina ya tambayi amfanin dayis ɗin. Da na yi masa bayani ya ce to ai ƙuri'a muke nufi, ita kuwa ko a jirgin Annabi Yunusa an yi ta. Muka yanka takarda goma sha biyu, muka rubuta ɗaya zuwa shida sau biyu, muka raba a gwangwanin madara guda biyu. Da su muka yi wasanmu har ƙarshe.

Bai wuce ciki ba ranar. Ya zauna a kan buzunsa yana jan tasbaha kamar ba ya jinmu. Can da muka nutse, sai ya yi gyaran murya.

“To su waɗanga mutane, cikin kwana biyar ɗin nan da babu rana babu wata, da wane lokaci suka salla? Ina kuma sunka dosa?”

Babu wanda ya taɓa tunanin haka a cikinmu. Shi da kansa ya ba da fatawa: mu riƙe lokacin garin da muka baro, mu fuskanci inda zuciya ta fi rinjaya, kuma mu yi ƙasaru tunda matafiya ne. Tafinta ya rubuta wannan a bayan littafin tare da dokar mai. Inna kuwa duk Alhamis sai ta aiko mana da hoce da ruwan randa, tana cewa a kai wa 'yan sama jannati kada yunwa ta kashe su.

Shekara biyu muka yi a haka. Mun yi jigilar irin dawa, mun ɗauki wani tsoho da yake son a rufe shi a duniyar da aka haife shi, mun taɓa yin Alhamis uku cur muna rigima da ma'aikatan wata tasha da suka hana mu mai. Bakanike yana da ɗan littafi da yake zana tanki a ciki, yana cike shi da biro yana ragewa. Ni mai gaggawa ne, shi kuwa ko da 'yan fashin sama na bayanmu sai ya ce a tsaya a tace.

Sai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Bukkuyum. Na bar iyalina a Anka wurin Inna, na kama ɗaki ɗaya a bayan makaranta. Ba a yi wata uku ba Tafinta ma ya samu aiki a wani shagon magani a Gummi, ya kwashe nasa iyalin ya koma can. Da can wannan ba nisa ba ne, mutum na iya karyawa a Anka ya yi azahar a Gummi. Amma a lokacin hanya ta fara lalacewa. Ba a fita da sassafe, ba a kaiwa yamma, kuma kafin ka shiga mota sai ka tambayi waɗanda suka iso ko lafiya.

Zamanmu na ƙarshe mu uku a zaure, kwana biyu bayan babbar Salla ne. Tafinta ya ba mu kayan magani mu kai wata ƙaramar duniya da annoba ta shiga. Mun yi nutso ɗaya, mun kamfato ɗanyen mai, sai na ce ba za mu tsaya tacewa ba, mutane na mutuwa.

“Kwana biyu na kawai, Malam,” in ji Bakanike.

“Ni na matuƙi,” na ce masa. “Tada inji.”

Ya dube ni, ya sa hannu a gwangwani na farko ya ciro ɗaya. Ya sa a na biyu ya ciro ɗaya, ƙuri'ar da babu wadda ta fi ta muni. Tafinta ya riƙe baki. Ya ce mun ɓullo a inda babu kowa: wani tauraro ja mai dishi-dishi, babu duniya ko guda a kewayensa, babu tasha, sai duwatsun ƙanƙara suna yawo. Tarin da injin ya yi ya cinye man, abin da ya rage a tanki bai fi na kunna fitila da dafa abinci ba.

Bakanike ya ce a ba shi lokaci zai yi tunani. Aka kira magariba, muka tashi, muka ce sai hutu na gaba. Har a ƙofa yana yi mini tsiya, wai in an koma gida zai kai ƙarata a ƙwace mini lasin.

Mun gwada ci gaba ta waya, a haɗa mu uku a layi ɗaya, amma kullum sai muryar wani ta yanke, ga shi Bakanike yana cikin ƙarar injina. Muna cikin haka aka rufe layukan waya gaba ɗaya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Aka hana sayar da mai a jarka, kasuwannin mako suka tsaya, aka sallami ɗalibai. Shugaban makarantarmu ya roƙe ni in zauna in riƙa duba ɗakin gwaje-gwaje, tunda ni ne mafi kusa. Na amsa, don dai ko na ce zan tafi, hanyar Anka a makonnin nan ba ta biyuwa.

Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba. In na yi asuba na karanta abin da ya sawwaƙa, sai in share ɗaki, in dafa shayi a kan gawayi, in tafi makaranta in buɗe tagogi. Awakin unguwa sun mai da baranda wurin kwana. In zauna a kan kujerar ɗalibi in yi ta kallon allo da rubutun darasin ƙarshe a jikinsa. Wayata tana aljihu, nakan ciro ta in duba alhali na san babu komai. Maƙwabtana mutanen kirki ne, suna gaishe ni suna aiko mini da tuwo, amma ni baƙo ne, kuma a lokacin kowa yana taka-tsantsan da abin da zai faɗa a gaban baƙo. Akwai ranakun da in ban da sallama da amsa ta a masallaci, babu kalmar da ta fita daga bakina.

A mako na uku wani direba, dattijo mai furfura a gemu da ke bin hanyar Gummi da tsakar rana, ya aiko a kira ni tasha. Ya miƙo mini ambulan. Rubutun Tafinta ne. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ya rubuta: “Yau kwana na huɗu ke nan a gaban jan tauraro. Sanyi ya fara shiga ɗakin kaya. Me matuƙi zai yi?”

A tsaye na karanta, na sake karantawa a hanya. Na je ɗakin gwaje-gwaje na yanka sababbin takardu goma sha biyu, na zuba a kofunan awo guda biyu. Na rubuta masa cewa zan matsa kusa da dutsen ƙanƙara mafi girma in ɗaure kumbo a jikinsa, na ja ƙuri'a, na rubuta abin da ya fito. Washegari na kai wa direba.

Haka muka koma yi. Takarda takan yi kwana uku, wani lokaci mako, gwargwadon ranar da direba ya samu mai da kuma labarin hanya. Tafinta ya ce ya aika wa Bakanike irin wannan takarda ta hannun wani mai zuwa Anka, a karanta masa, amma shiru. Muka ɗauka aiki ne ya yi masa yawa. Na ɗaure kumbo. Na fita da gatari na saro ƙanƙara. Daga nan na tsaya cik, don ban san yadda zan narkar da ita in raba ruwan ba tare da na ƙone ɗan man da ke riƙe da ranmu ba. Na san lissafin a takarda, amma injin nan Bakanike ne ya gina shi a kansa, shi ya san inda kowane bututu ya bi.

Takarda ta biyar gajeriya ce, babu maganar kumbo a cikinta. An kira Bakanike gyaran injin niƙa a Zugu, ya hau babur ya tafi, a hanyar dawowa aka tare su, aka shiga daji da shi da wasu mutum biyu. Na duba ranar da Tafinta ya ce abin ya faru, na ƙirga da yatsa. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Duk kwanakin nan ina zaune ina jin haushinsa a raina don bai amsa takarda ba.

Na koma ɗaki na zauna a bakin katifa. Babu wanda zan gaya wa. A Bukkuyum babu wanda ya san shi, kuma kusan kowane gida yana da nasa irin wannan labarin. Bayan la'asar na roƙi liman ya sa a yi wa wani ɗan'uwana addu'a, aka yi, aka shafa, kowa ya kama gabansa.

Na yi mako biyu ban rubuta komai ba. Sai ga wata takardar. Tafinta ya ce dangin Bakanike suna ta ƙoƙari, an ji muryarsa, yana da rai. A ƙasa ya ƙara da cewa shi ma ya rasa abin da zai yi da hannunsa, in ina so mu ci gaba. Ya ce injiniya ya kamu da zazzaɓi, an kwantar da shi a akwatin barcin sanyi da ke cikin kumbo, inda mutum ke iya yin watanni bai san inda yake ba, kuma babu abin da zai same shi a ciki. Na gane abin da yake nufi. Ba ma son wani ya yi magana da bakinsa, ba ma kuma son mu cire shi.

Na ci gaba ni kaɗai. Na gwada haɗa madubai in tara hasken jan tauraro a kan ƙanƙara, ƙuri'a ta ƙi. Na gwada aika kira ko wani kumbo zai ji, Tafinta ya amsa cewa kiran zai isa tasha mafi kusa bayan shekara tara. Wata rana na ja ƙuri'a ta fito biyu da ɗaya, na duba hagu na duba dama a ɗakin da babu kowa sai kwalabe, na mayar na sake ja, ta fito shida da biyar. Na rubuta shida da biyar na kai tasha. Ban kai ga ƙofar makaranta ba na juya, na karɓo ambulan daga hannun direba, na gyara. Ya dube ni ta saman tabarau, ya karɓa ya sa a aljihu.

Bayan an gama girbin gero aka sako Bakanike. Kusan lokaci ɗaya layin waya ya dawo, kiran farko da ya shigo mini na matata ne, ita ta gaya mini. Ranar Juma'a na bi ayarin motoci zuwa Anka. Na ga 'ya'yana, ƙaramar har ta fara tafiya ban sani ba, ta ƙi yarda in ɗauke ta. Na gaida Inna da mahaifina, sannan na wuce gidan su Bakanike.

Na same shi a zaure a kan tabarma, an jingina masa filo. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa a kumbure, akwai tabon sarƙa a idon sawu. Mutane suna ta shigowa jaje suna fita. Na zauna a gefe har aka ragu. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai ba ni labarin daji ba, har yau kuma bai ba ni ba.

Can ya ce, “Malam, ina kumbo?”

Na ce yana nan inda muka bar shi. Na gaya masa abin da na gwada, da yadda muka kwantar da injiniya. Ya yi ɗan murmushi.

“Madubi? Kai dai malamin makaranta na. Kun mance da ƙaramin jirgin da muka sauka ƙasa da shi? Tankinai daban shi ke, kuma cike shi ke, ni nac cika shi. Shi za ka jawo ka kunna injinai cikin ɗakin kaya, ka rufe ƙofa. Zahin shi narka ƙanƙara, wutar da shi ka badawa ta raba maka ruwan. Kaɗan-kaɗan. Kwana arba'in ka samu na nutso guda, gajere.”

Na ce yaushe ya yi wannan lissafin.

“Can. Gindin wata kirya sunka ɗaure mu, ni da wani tsoho. In rana ta hito sai in shiga ɗakin inji. In bi bututu ɗai-ɗai, in kwance in ɗaura. In na ɓata lissahi in koma farko. Tsohon har cewa ya yi na taɓu, don shina ganin bakina na motsi.” Ya gyara ƙafarsa da hannu biyu. “Kuma wanga karon ka tace shi.”

Na ce to in ya ji sauƙi sai mu kira Tafinta ya zo, mu tada injiniya, ya yi aikin da hannunsa.

Ya girgiza kai. “A'a, Malam. Ku dai ku hid da shi. Ni na zauna cikin kumbon ga ya ishe ni. In na sake shiga, gindin kiryar nan za ni gani.”

Ban matsa masa ba. Aka kawo fura, ya sha kaɗan ya ajiye. Da zan tafi ya sa aka ɗauko masa ɗan littafinsa mai zanen tanki ya ba ni. Bai yi wata biyu ba ya sayar da rumfarsa, ya kwashe iyalinsa suka koma Sakkwato wurin wani ƙanen mahaifiyarsa.

Na kira Tafinta na gaya masa dabarar. Ya ce wannan ba ta bukatar ƙuri'a, ta yi. Amma ya ce kada mu ƙarasa a waya, in zo Gummi. Muka yi ta sa rana tana wucewa, yau hanya, gobe jarrabawa, har aka shiga bazara. Ranar nan ya kira ya ce ya samu aikin tafinta a can gabas, wajen Barno, zai tashi ranar Lahadi. Na shiga mota ranar Asabar da hantsi.

Na tarar an riga an ɗaure kaya, matarsa da yara sun tafi sallama gidan dangi. Ɗakin babu komai sai tabarma ɗaya da buhuna. Muka yi azahar, muka zauna a ƙasa, ya buɗe littafin a kan cinyarsa. Mu biyu abin bai yi daɗi ba, duk wanda ya yi magana sai muryarsa ta yi amo a ɗakin. Muka yi kwana arba'in ɗin cikin minti kaɗan. Na tsaya kwana biyu na tace. Muka nutse muka ɓullo a wata tasha, muka cika tanki, muka sake nutsewa zuwa duniyar da ke jiran magani.

Na tambaye shi me muka tarar.

Ya duba takardarsa. Ya ce wata likita ce ta tare mu a filin sauka, ita kaɗai, da keken tura kaya. Ba ta tambayi dalilin da ya sa muka makara ba. Ta ce an rasa mutane da yawa, amma akwai sauran masu rai a unguwa biyu, kuma maganin zai yi musu amfani. Ta sa hannu a takarda, ta tura kekenta ta tafi.

“Injiniya hwa?” na ce.

“Ya tashi lahiya lau. Ya ce a nan za shi sauka, an ba shi aikin gyaran famfunan ruwa.”

Ya tambaye ni ina matuƙi zai nufa daga nan. Na ce ban sani ba tukuna, a bar shi a filin. Ya rufe littafin. Ya so ya bar mini shi, na ce ya tafi da abinsa, watakila a can ya samu mutane. Agogo ya nuna ƙarfe uku saura, dole in kama motar ƙarshe. Ya raka ni tasha a ƙafa, muna tafe muna maganar zafi da makarantar da zai sa yara. Da mota ta cika muka yi musafaha, ya ce in gaida mahaifina da Inna, ya juya tun kafin mu tashi.

A hanya an sauke mu sau biyu a shingen sojoji, muka taka da ƙafa hannu a sama, muka sake shiga. Babu mai magana a motar sai wata tsohuwa da ke ta salati duk inda daji ya yi duhu. Mun shiga Bukkuyum ana kiran la'asar.

Har yanzu a nan nake koyarwa, a ɗakin nan dai na bayan makaranta, nakan je Anka ƙarshen wata in hanya ta yi kyau. Na taɓa kwatanta wa malamai biyu wasan a ofis, suka saurara cikin ladabi, ɗaya ya ce a wayarsa ma akwai irinsa mai hoto. Ban sake tada maganar ba. Tafinta yakan kira ranar Salla, mu gaisa, mu tambayi yara. Bara an yi wa Bakanike haihuwa, ɗiya mace, ya aiko a gaya mini. Na sayi turmin atamfa da sabulu na ba wani mai zuwa Sakkwato ya kai, ni ban samu zuwa suna ba.